Sakan 7 a Zauren Mai Ɗinki: Nazarin Wani Hoton Ratse a Birnin Zariya

A hunturun da ya gabata mu uku muka ɗauki wani gajeren fim na gaskiya, irin wanda ake kira dokumentari, a kan wani dattijo mai ɗinkin hannu na babbar riga a cikin birnin Zariya. Ni na jagoranci aikin kuma ni na yi tambayoyi, abokin aikina na shekaru ya riƙe kyamara, sai wani matashi da yake koyon tace hoto a wurinmu a Samaru, wanda muka damƙa wa wannan fim ya zama aikinsa na farko da zai ɗauko daga ɗanyen hoto ya kai shi ƙarshe shi kaɗai. Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta lamarin shi ne, a cikin fim mai tsawon minti 14 an samu wuri ɗaya da bai wuce sakan 7 ba, wanda ya kusa shiga tsakanin uba da ɗansa, alhali ba a ƙara wa dattijon ko kalma ɗaya da ba daga bakinsa ta fito ba. Ba zan ambaci sunan kowa ko sunan unguwar ba, domin a bisa wannan sharaɗi iyalin suka amince a yi bayanin.

Dattijon ya haura shekara 70, kuma allura gadonsa ce daga mahaifinsa. Zariya ta daɗe da yin suna a wannan sana'a, har ta kai idan aka ce riga aikin Zazzau ce, masu sanin tufafi sun san abin da ake nufi: adon aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, adon tambari a ƙirji da baya, zaren tsamiya ko na siliki, sannan a kai wa mabuga su buge ta har ta ɗauki ƙyalli. Riga guda mai cikakken aiki takan ci watanni a hannun mutum ɗaya. Ɗan farin dattijon ya koyi allura tun yana yaro, amma daga baya ya buɗe shago a Tudun Wada ya sa keken da yake yin adon riga, kuma babu wanda bai sani ba a gidan cewa daga wannan shago ne mafi yawan cefane yake fitowa.

Mun yi hirar a zauren dattijon da yamma, da kyamara ɗaya a kan ƙafarta da ƙaramin makirfo maƙale a wuyan rigarsa, kuma ta ɗauki minti 52. Abin da fim ɗin zai iya ɗauka daga ciki bai wuce minti 8 ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar tacewa ya san abin da yake faruwa idan aka yanke tsakiyar maganar mutumin da aka ɗauka da kyamara ɗaya daga wuri ɗaya. Sautin zai iya haɗuwa sumul, amma hoton ba zai haɗu ba, domin kan da yake karkace dama zai bayyana a hagu, hannun da yake sama ya faɗo kan cinya cikin ƙiftawar ido, mutum ya zama kamar an fizge shi. Hoton talabijin a Nijeriya firam 25 ne a kowane sakan, wato hotuna tsayayyu 25 masu bin juna, kuma ido yana kama wannan tsalle duk da cewa tsakanin firam biyu kawai yake faruwa. Maganin da aka fi sani shi ne abin da 'yan sana'a suke kira katawe. Ni na fi son in kira shi hoton ratse, saboda abin da yake yi ke nan: a ratse daga fuskar mai magana a nuna wani abu dabam, kamar hannunsa ko mai sauraronsa ko ƙofar ɗaki, muryarsa tana ci gaba a ƙarƙashi, sannan a dawo kansa. A cikin wannan 'yar ratsewa ake yin yankan ba tare da mai kallo ya gani ba.

Dabarar barin mutum a nuna wani abu a dawo ta girmi fim mai magana. Tun a 1900 wani Baturen Ingila, George Albert Smith, ya yi gajeren fim inda ake barin yaron da yake leƙawa ta gilashin ƙara girma a nuna abin da yake gani, agogo ko tsuntsu ko idon kakarsa, sannan a dawo kansa. Akwai kuma waɗanda suka zaɓi su bar tsallen a fili, kamar yadda Jean-Luc Godard ya yi a Faransa a 1960, kuma kamar yadda matasa masu magana a YouTube da TikTok suke yi yau ba tare da kowa ya damu ba. Mun tattauna wannan kafin a fara tacewa, muka ga bai dace da fim ɗinmu ba. Dattijo mai furfura da yake magana a natse, idan aka bar shi yana fizge-fizge a kan allo, masu kallonmu za su ɗauki hakan rashin ladabi gare shi, kuma a ganina suna da gaskiya.

Saboda haka muka ware kwana biyu bayan hirar don hotunan ratse kaɗai. Abokin aikina ya ɗauki hannun dattijon yana soka allura, da yatsansa yana bin layin da mai zane ya ja a kan shadda, da tulin zare a cikin wani tsohon gwangwani, da azarar rufin zauren, da hasken rana yana shigowa ta ƙofa ƙurar hunturu tana yawo a cikinsa. Ya ɗauki mabuga a bakin aikinsu, da tabarmar da masu koyon ɗinki suke zama a kai, da ɗan dattijon a shagonsa. Ƙa'idarsa ita ce ba ya tsayar da kyamara kafin sakan 10 a kan kowane abu, ko da sakan 3 kawai za a yi amfani da shi, domin mai tacewa ya samu inda zai shiga da inda zai fita. Mun kuma ɗauki minti guda na shirun zauren, kowa ya yi tsit, saboda kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓin da yanka yake bari a sauti.

Matashin ya yi aiki mai kyau, kuma adalci ne a faɗi haka kafin a zo kan kuskuren. Ya lura cewa rigar da take kan cinyar dattijon a lokacin hirar fara ce, sai ya ajiye duk hotunan hannu da aka ɗauka a kan shuɗiyar shadda, don kada mai kallo ya ga riga ta canza launi a tsakiyar jimla. Ya riƙa barin murya ta riga hoto shiga da firam 10 zuwa 12, ta yadda kunne ne yake jan ido, kuma bai bar hoton ratse ya wuce sakan 5 ba, domin idan ya daɗe sai mai kallo ya manta da mai magana ya koma kallon zare. Hotunan ratse 31 ya sa a fim ɗin. Daga ciki 19 sun rufe abubuwan da ba wanda zai yi gardama a kansu, kamar tari, da amsa sallamar mai wucewa, da ƙarar babur, da yawan "ka gane ko" da dattijon yake yi. Wasu 11 sun rufe gajarta labari, misali labarin yadda mahaifinsa ya aike shi Kano da riga yana saurayi, wanda aka rage daga minti 6 zuwa sakan 50, kuma da dattijon ya ji shi daga baya bai ga an taɓa masa komai ba. Saura guda ɗaya.

Minti na 9

A minti na 11 na ɗanyen hirar na tambaye shi dalilin da ya sa matasa suka rage zama a kan allura, sai ya ce: "Yaran yanzu ba su da haƙurin zama wata uku a kan riga ɗaya, kuma ni ban ga laifinsu ba, domin mai biyan kuɗin wata ukun ne ya yi ƙaranci, shi kuwa ciki ba ya jira." Can a minti na 38, bayan mun bar zancen yara da nisa, ya shiga maganar wasu dillalai da suke ɗaukar rigar keke su kai kasuwa su rantse wa mai saye cewa aikin hannu ce, har mutane suka daina yarda da ta gaskiyar. A nan ne muryarsa ta ɗaga, ya ce: "Su ne suka kashe sana'ar nan, Allah ya gani." Matashin ya ɗauki rabin farko na maganar minti na 11, ya yanke ta daidai kan "riga ɗaya", ya ɗauko jimlar minti na 38 ya manna mata. Abin da mai kallo ya ji a minti na 9 na fim ɗin shi ne: "Yaran yanzu ba su da haƙurin zama wata uku a kan riga ɗaya, su ne suka kashe sana'ar nan, Allah ya gani." A kan mahaɗar ya ɗora sakan 4 na hannun dattijon yana jan zare, ya biyo da sakan 3 na fuskar ɗan, kansa a sunkuye.

Haɗin ya zauna daram, kuma harshen Hausa da kansa ya taimaka masa. Kalmar "su" ba ta ɗauke da sunan kowa, tana komawa ne kan waɗanda aka ambata kusa da ita, don haka da aka cire dillalai sai ta faɗa kan yara. Bayan haka, muryar mai magana da Hausa takan sauka sannu a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, kuma da yake dattijon bai kai ƙarshen jimlarsa a "riga ɗaya" ba, muryarsa a wurin a rataye take tana jiran ci gaba, sai kunne ya karɓi abin da aka kawo masa a matsayin ci gaban. Abu ɗaya ne da zai iya tona asirin. Wajen minti na 30 an kawo wuta, injin markaɗe na maƙwabta ya tashi, saboda haka jimla ta biyu tana da gurnani a bayanta wanda ta farko ba ta da shi. Matashin ya ji wannan bambanci, ya rage gurnanin da manhajar tacewa, sannan ya shimfiɗa shirun zauren a ƙarƙashin jimlolin biyu har suka zama kamar numfashi ɗaya. Ƙwarewar da muka koya masa ce ya yi amfani da ita, kuma ya yi ta yadda ya kamata.

Shi kuwa hoton fuskar ɗan, bayan kwana biyu aka ɗauke shi a Tudun Wada, yana sunkuye yana zura zare a allurar kekensa. Abokin aikina ya matso da hoton kusa sosai har keken ya fita daga firam, ba abin da ya rage sai fuska da bango mai duhu wanda ba a bambanta shi da bangon zauren. Fuskar ba ta nuna komai sai mutumin da ya mai da hankali ga aikinsa. Masu nazarin fim sun daɗe da sanin abin da yake samun irin wannan fuska idan aka ajiye ta kusa da wani abu. Kimanin shekara 100 da suka wuce a Rasha, Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa da ba ta nuna wani yanayi, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da yarinya tana wasa. Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, masu kallo sun yaba wa ɗan wasan a kan yadda ya nuna zurfin tunani a na farko, baƙin ciki a na biyu, da farin ciki a na uku, alhali hoto ɗaya ne. A fim ɗinmu jimlar da aka ƙera ita ce ta zama akwatin gawar, sai mutumin da yake zura zare ya koma ɗan da mahaifinsa ya kunyata a zaure ya rasa inda zai sa kansa.

Sau uku na kalli fim ɗin kafin mu kai shi gidan, kuma wannan wuri ne na fi yabawa. Ni na yi hirar, na ji amsoshin biyu da kunnena, amma mako 5 sun wuce, kuma abin da yake kan allo ya rinjayi abin da ya rage a ƙwaƙwalwata. Ban buɗe ɗanyen hirar na gwada ba, alhali shi ne aikin da ya rataya a wuyana a matsayin wanda zai sa hannu, don haka kaso mafi girma na laifin nawa ne.

Daren da aka nuna fim

Al'adarmu ce mu nuna wa mutum fim ɗinsa kafin kowa ya gani. Muka kai kwamfuta zauren bayan sallar isha, aka taru da dattijon, da ɗan nasa, da ƙannen ɗan guda biyu, da wasu tsofaffi maƙwabta. Da farko ana ta murmushi, ana nuna allo ana gane mabuga da sunayensu. Da aka zo minti na 9 sai zauren ya yi tsit. Ɗan bai ce komai ba, ya jira kamar minti guda, ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Dattijon ya bari fim ya kai ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce: "Malam, mayar da shi wurin da aka nuna hannuna ina jan zare." Na mayar, ya saurara idonsa a rufe, ya ce a sake. Sai ya ce: "Muryar tawa ce, ban musa ba. Amma yaushe na faɗi wannan magana?" Na ce: "Baba, ku gafarce mu, bari in duba asalin hirar." A gabansa da maƙwabtansa na buɗe ɗanyen hoton, na kunna minti na 11 har ƙarshen amsarsa, na kunna minti na 38 tun daga farkon zancen dillalai. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "Waɗanda na ce sun kashe sana'a na san su, su ma sun san kansu. Wancan kuwa, shi yake riƙe da gidan nan."

Mai karatu ya san nauyin wannan "wancan". Mutumin da a cikin minti 52 bai kama sunan ɗan farinsa ko sau ɗaya ba, wanda ko yabonsa ba zai yi a gaban mutane ba saboda kunya, shi muka sa ya ɗora masa laifin kashe gadon gidansu, har da haɗawa da sunan Allah, a fim ɗin da za a sa a intanet dangi na nesa su gani. Kuma don ya gyara ɓarnarmu sai da muka tilasta masa ya keta kunyar ta ɗaya ɓangaren, ya faɗi a gaban maƙwabta cewa ɗansa ne yake ciyar da shi. Wannan na biyun ya fi damuna har yau. Ko da a ce a zauren aka ɗauki fuskar ɗan, sunkuyar da kai a gaban mahaifi ladabi ne a wurinmu, kowane ɗa nagari yana yi ko ana yabonsa ne, kuma mu ukun duk mun san haka tun muna yara, amma tsarin hotunan ya sa muka karanta shi a matsayin amsa laifi.

Washegari muka zauna mu uku. Matashin ya ce: "Malam, ni ban ƙara masa komai ba, kuma ai abin da fim ɗin yake nufi ke nan, keke ya kori allura." Ya koya daga darussan da yake kalla a intanet cewa fim ɗin da babu rikici a cikinsa ba ya riƙe mai kallo, ya nemi rikici a hirar bai samu ba, sai ya ga kayan haɗa shi a warwatse. Abokin aikina kuma ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi. Ya ce mun zubar da minti 44 na maganar dattijon, kowane yanka zaɓi ne, sauran hotuna 30 ɗin ma ɓoye yanka suke yi, to ina iyakar take, kuma wa ya shata ta? Ban ɗauki tambayar da wasa ba, domin gaskiya ne cewa babu mai tacewa da ya tsira daga zaɓi.

Maimakon mu ci gaba da musu sai muka kashe layin saman da hotunan ratse suke kai a manhajar tacewa, muka kalli fim ɗin da kowane yanka a buɗe. A wurare 30 hoton ya yi muni, dattijon yana tsalle, amma babu inda muka ji da wani ya leƙo zai kama mu da wani abu, saboda mutumin da yake kafin yankan shi ne bayansa, a kan magana ɗaya da yanayi ɗaya. A minti na 9 kuwa hasken da yake kan kafaɗarsa ya koma bango, hularsa ta karkace, fuskar da take cike da tausayi ta koma ta mai fushi cikin firam ɗaya. Ko yaro ya gani zai san lokaci biyu ne da zance biyu. Matsayata tun daga ranar ita ce, hoton ratse yana da izinin rufe yankan da za mu iya nuna wa mai maganar a buɗe ya ce haka na faɗa, kuma ba shi da izinin rufe wanda ba ya tsayuwa sai an ɓoye shi. Mai kallo ba shi da hanyar bincikar abin da yake ƙarƙashin waɗannan sakan 4, shi ma mai maganar sau da yawa ba ya ganin fim sai ya fita, don haka amanar tana hannun mutum ɗaya da yake zaune gaban kwamfuta.

Manyan tashoshi ma sun faɗa irin wannan rami. A watan Yuli na 2007 BBC ta nuna wa 'yan jarida tallar wani shiri a kan Sarauniya Elizabeth ta biyu, inda aka ga kamar ta fusata ta fice daga wurin da mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz take ɗaukarta, alhali hoton tafiyar tata an ɗauke shi ne lokacin da take kan hanyar shiga. BBC ta nemi afuwa, kuma a watan Oktoba shugaban tashar BBC One, Peter Fincham, ya ajiye aikinsa. A shekarar ce kuma sashen labarai na tashar Five a Birtaniya ya daina amfani da hoton gyaɗa kai, wato wanda ake ɗaukar ɗan jarida bayan an gama hira yana gyaɗa kai kamar yana sauraro. Mu ma muna da irinsa guda biyu a cikin 19 ɗin nan, waɗanda aka ɗauke ni ina gyaɗa wa bango kai bayan dattijon ya tashi alwala. Ba su canza ma'anar komai ba, amma bayan abin da ya faru ban ga dalilin barin su ba, sai muka musanya su da hoton zare.

Ya kamata in ce wannan hukunci bai shafi fim ɗin wasa ba. A finafinan Hausa, tun daga 1990 da aka fara na bidiyo a Kano, ana ratsewa zuwa ƙofar gida don a nuna an canza wuri, ko agogon bango don a nuna dare ya yi, kuma ana barin miji da mata a nuna ƙofa tana rufuwa ko fitila tana mutuwa saboda kunyar masu kallo. A can kowa ya san labari ake ƙerawa, kuma fuskar ɗan wasa an ɗauke ta ne don a sa ta inda darakta yake so. Ɗan dattijon bai ba mu fuskarsa a kan wannan sharaɗi ba.

Gyaran ya ɗauki kwana uku. Muka dawo da amsar minti na 11 cikakkiya har zuwa "ciki ba ya jira", muka bar kyamara a kan fuskarsa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ratse ko ɗaya ba, domin a wurin ne ake ganin tausayin da yake yi wa yaran. Jimlar "su ne suka kashe sana'ar nan" muka mayar da ita wurinta tare da zancen dillalan, kuma tsakanin maganganun biyu muka bar hoto ya dusashe zuwa baƙi na sakan ɗaya, don mai kallo ya san an tsallake lokaci. Hoton ɗan muka musanya shi da wanda aka ɗauka daga nesa, keke da shago duk a fili, muka kai shi wurin da shi da kansa yake bayanin aikinsa. Fim ɗin ya ƙaru zuwa minti 15 da sakan 40, kuma ba zan ɓoye ba, na farkon ya fi kama zuciya. Na biyun yana tafiya a hankali, kuma wanda ake zargi a cikinsa dillali ne da ba mu da hotonsa. Mun kuma fara wata takarda da muke cikawa a kowane aiki yanzu, inda mai tacewa yake rubuta kowane hoton ratse, da mintin ɗanyen hirar da aka fita, da mintin da aka shiga, da ranar da aka ɗauki hoton, kuma duk inda tazarar ta wuce minti guda sai wani ya saurari asalin kafin a sa hannu.

Takardar ce ta fito da matsala ta biyu wadda ba mu lura da ita ba. A cikin hotuna 11 na gajarta labari akwai tabarmar masu koyo, babu kowa a kanta, an ɗora ta a kan wurin da dattijon yake cewa a zamanin mahaifinsa zauren ba ya ɗaukar yara. Ba a canza ma'anar maganarsa ba ko kaɗan. Sai dai da muka duba lokacin ɗauka muka ga da hantsi ne, lokacin da yara biyun da har yanzu suke koyo a wurinsa suna makaranta, kuma kullum bayan la'asar suna kan wannan tabarma. Hoton yana cewa babu wanda ya rage, abin da dattijon bai faɗa ba kuma ba haka yake ba. Abokin aikina yana son hoton ƙwarai, ya ce daga cika zaure zuwa yara biyu ai kusan babu ne, kuma na fahimci abin da yake ji, domin shi ne hoto mafi kyau da ya ɗauka a aikin. Duk da haka ya koma da yamma ya ɗauki tabarmar da yaran biyu a gefe ɗaya, sauran filinta a buɗe, kuma shi muka sa.

Kafin mu sake nuna fim ɗin na je shagon Tudun Wada ni da matashin, muka kunna wa ɗan minti na 11 da na 38 a ɗanyensu, muka ba shi haƙuri. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ba komai, ya ci gaba da aikinsa. A daren nuni na biyu ya zo a makare, ya tsaya a bakin ƙofa, daga baya ya zauna. Da aka gama ya ce a tura masa fim ɗin a wayarsa. Dattijon bai sake ta da zancen minti na 9 ba. Abin da ya ce shi ne: "Malam, akwai wurin da nake maganar aska, ku kuma kuka nuna ina ɗinka tambari. Masu sana'a za su gani." Muka duba, muka tarar haka ne, a minti na 4, kuma ba mu da hoton aska a kan farar shadda. Da safe abokin aikina ya koma zauren ya ɗauki sakan 10 na allura tana bin bakin aska, matashin ya yanki sakan 4 daga ciki ya sa a wurin, ya rubuta shi a takarda.